Moton Yaya Isma'il

Ruwa ya kwana yana zuba a unguwar New Bell ta Douala, gari ya waye kuma bai ɗauke ba, sai yayyafi. Zulaiha na ƙarƙashin rumfar kwanon da ke ƙofar gidansu, ta ɗaure zani a kan doguwar rigarta, tana ta taka kik ɗin wani jan moto, wato babur. Ya kama, ta murɗa totur da ƙarfi, ya yi gurnani ya mutu. Ta sake takawa. Ya sake mutuwa.

"Don Allah ka tashi," ta ce.

"Malama, ki daina murɗa masa mai."

Ta ɗago. Wani dogon saurayi ne siriri, ɗauke da ɗaurin atamfa da ya lulluɓe da leda, ya tsaya a bakin kwata. Hausarsa kaɗai ta isa ta gaya mata ba ɗan Douala ba ne.

"Sanyi yake ji," ya ce, yana ajiye kayansa a kan benci. "In kika cika masa mai yanzu, shaƙewa zai yi. Kin ga wannan ɗan ƙarfen na jikin kafireto? Shi ne cok."

"Mu starter muke ce masa."

Ya yi murmushi. "To, starter. Ɗaga shi. Yanzu ki taka, amma ki ɗauke hannunki daga totur."

Ta taka. Injin ya kama, yana rawa kamar zai mutu. Ta kai hannu da sauri.

"A'a, bar shi. Zai riƙe kansa."

Suka tsaya suna jira, yayyafi na sauka a kan kwano. Ya kara tafin hannunsa kusa da injin ba tare da ya taɓa ba. Can ya ce, "In kika ji ɗumi ya fara, ƙarar ta daina rawa, sai ki mayar da shi rabi. Ki ƙara jira, sannan ki mayar duka."

Daga cikin gida muryar wata dattijuwa ta fito. "Zulai, ya tashi?"

"Ya tashi, Mama."

"Alhamdu lillahi. To, zo ki ba ni kunun."

Saurayin ya ɗauki kayansa. "Ina za ki da shi cikin ruwan nan?"

"Ba inda za ni. Ban ma iya tuƙi ba."

Ya dube ta, ya dubi ƙofar gidan, bai ƙara tambaya ba. Sunansa kawai ya faɗa, Usaid, ya ce a kasuwar Marché Congo yake tsaron shagon wani Alhaji. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana.

Moton na yayanta ne, Isma'il. Da shi ya yi ta ɗaukar fasinja kafin ya samu aikin tuƙin babbar mota mai kai kaya Kousseri, can Arewacin Kamaru. Ranar da zai yi tafiyarsa ta ƙarshe ya ce wa mahaifiyarsu, Nana Hadiza, a riƙa tayar masa da shi kowace safiya kada ya kwanta. A shekarun nan hanyar Arewa ta lalace, 'yan bindiga na tare motoci. Motar Isma'il ba ta isa ba, shi kuma ba a ji ɗuriyarsa ba. Mahaifinsu, Malam Muhammad Bashir, wanda ya yi ritaya daga wani ofis a tashar jiragen ruwa, ya je har Mora neman labari, ya dawo hannu rabbana. Daga nan bai ƙara taɓa moton ba. Nana Hadiza kuwa ta riƙe maganar ɗanta. In ba ta ji ƙarar injin da safe ba, ko ruwa ba ta sha.

Washegari Usaid ya sake biyowa ta layin. Jibi ma haka. Wai hanyar ta fi kusa, alhali Zulaiha ta san zagaye ne.

Lokacin da injin ke ɗauka kafin ya yi ɗumi shi ya zama lokacin hirarsu. A nan ta ba shi labarin Isma'il, har ta tura masa hotonsa a waya. A nan shi ma ya gaya mata ɗan Mubi ne, mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙarami, mahaifinsa bakaniken mashin ne. Ranar da 'yan bindiga suka shiga garinsu sun gudu tare, sai tsohon ya koma ɗauko wani maƙwabcinsa gurgu.

"Ya ce in jira shi a gindin wani dutse," in ji Usaid, idonsa a kan injin. "Na jira."

Ta shiga gida ta fito masa da makala, irin fanken garin, masu zafi a takarda.

Da yamma, tana shagon buga takardu da take aiki a unguwar Bali, saƙonsa ya shigo.

"Zulaina, na ci makala har Alhaji ya tambaye ni me nake wa murmushi. Gobe ma Allah ya sa a yi sanyi."

Ta amsa: "Ɗan Mubi, kai mugu ne. Kana yi wa moton yayana fatan wahala don ka daɗe a ƙofarmu?"

"Eh. Na amsa laifina. In ya tashi da wuri, me zan ce ya tsayar da ni?"

"Ka ce ni ce, mon cœur, zuciyata."

Maganar ba ta daɗe ba ta kai kunnen Malam Bashir. Mudi ne ya kai ta, ɗan ƙanwarsa, ma'aikacin ofis mai mota, wanda ya daɗe yana son Zulaiha. Mudi ba mugun mutum ba ne, amma yana da kishi, kuma tsoron baƙi ya cika garin a lokacin.

"Kawu, yaron daga can ya fito," ya ce. "Ba wanda ya san asalinsa. On ne sait jamais, wa ya san abin da zai iya faruwa?"

Malam Bashir ya kira 'yarsa. "A nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana. Duk unguwar nan ba gidan da ban san kakanninsa ba. Wannan wa ya san shi? Daga ƙasar da masifar nan ta ɓullo ya zo."

"Baba, shi ma gudowa ya yi."

"Haka kowa ke cewa. Ban yarda ba, Zulaiha. C'est tout, magana ta ƙare."

Ta yi kuka, ta daina tsayawa hira. Usaid zai wuce ya yi sallama daga nesa, ta amsa kanta a ƙasa.

Sai wata safiya moton ya ƙi tashi sam. Ta ɗaga starter, ta taka har ƙafarta ta yi tsami. Mama na ciki tana tambaya, kunu na hucewa a gabanta. Dole Zulaiha ta kira Usaid.

Ya zo ya duba, ya shinshina tankin. "Man ya tsufa, kuma ruwa ya shiga. Kafireton ya toshe. Sai an kwance an wanke, ni kuma ba ni da kayan aiki a nan."

Ta shiga ta ce wa Mama ƙaramin gyara ne, anjima zai tashi. Ta lallaɓa ta ta sha magani ta kwanta. Usaid ya tura moton a hankali zuwa garejin wani abokinsa.

Wajen la'asar saƙonsa ya zo: "Ya gyaru, masoyiyata. Kamar sabo. Ga ni nan."

Nan take ta tuna Mama za ta ji ƙarar. Ta rubuta da sauri: "Kada ka hau shi! Ka turo shi, don Allah."

Wayar na aljihunsa, shi kuma ya riga ya hau hanya, ya ja hular rigar ruwa ya rufe kansa.

Fiye da shekara Nana Hadiza na jin ƙarar moton nan a tsaye wuri ɗaya. Ranar nan ta ji ta daga bakin layi, tana matsowa. Ta miƙe zumbur. Kafin Zulaiha ta riƙe ta, ta fice ba takalmi, ba mayafi, tana gudu cikin taɓo.

"Isma'ila! Isma'ila na!"

Ta cafki hannun mai moton da hannu biyu, tana dariya tana kuka. "Na san za ka dawo. Na ce musu za ka dawo."

Usaid ya sandare. A hankali ya janye hular daga kansa.

Ta dubi fuskarsa. Ta daɗe tana dubawa, kamar tana neman wata fuskar a cikinta. Sannan hannuwanta suka saki, ta sulale ƙasa.

Mudi ne ya kai ta asibiti a motarsa. Jininta ya hau ƙwarai. A ƙofar asibitin Malam Bashir ya tari Usaid.

"Kun cinye min ɗa, yanzu ka zo ka ƙarasa uwarsa?"

"Baba, wallahi ban..."

"Ni ba babanka ba ne. Kada in ƙara ganin ƙafarka a layina."

Usaid ya juya wajen Zulaiha. Idanunta sun kumbura.

"Na ce kada ka hau," ta ce. "Na roƙe ka."

"Ban gani ba, Zulai."

Ta juya masa baya.

An sallamo Mama, amma ba ita ce ta dawo ba. Ta daina magana sai kaɗan, ta daina tambayar moto, abinci sai an matsa mata. Mudi kullum yana gidan da magani da 'ya'yan itace, Malam Bashir kuma ya fara zancen a haɗa su bayan Mama ta ji sauƙi. Zulaiha ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Ta rame.

Saƙonnin Usaid na shigowa, tana karantawa ba ta amsawa.

"Ya jikin Mama? Ba sai kin yafe min ba, ki dai gaya min tana samun sauƙi."

"Zulaina, na kasa mance yadda ta riƙe hannuna."

Daga baya saƙonnin suka tsaya. Ta ɗauka ya haƙura, ko ya bar garin. Wannan ya fi mata ciwo fiye da yadda ta zata.

Abin da ba ta sani ba, duk ranar da Usaid ya samu sarari a kasuwa sai ya tsallaka gada zuwa Bonabéri, inda manyan motocin Arewa ke tsayawa. Yana bin direbobi ɗaya bayan ɗaya da hoton Isma'il a wayarsa. Wasu su girgiza kai, wasu su kore shi, don a lokacin mai yawan tambaya abin zargi ne, balle ɗan Najeriya. Har an taɓa tsare shi a kan takardu, sai da Alhajinsa ya je ya tsaya masa. Bai daina ba.

A Sodiko, can cikin Bonabéri, wani mai shayi ya nuna masa wani tsohon direba, Bukar, wanda ya ajiye tuƙi ya koma gadin motoci. Bukar ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da idonsa, ya daɗe. Sannan ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

A ranar saƙo ya shigo wayar Zulaiha.

"Wannan ba zancen soyayya ba ne. Na samu wanda ya san abin da ya faru da Yaya Isma'il. Labarin ba mai daɗi ba ne. Zan bi ta wajen Liman, shi zai kawo mu gobe bayan azahar. Ki kasance kusa da Mama."

Albarkacin Liman, Malam Bashir ya bar su suka shiga falo. Bai kalli Usaid ba. Bukar ya zauna a kan tabarma, ya yi magana a hankali da Hausarsa ta Barebari.

Ya ce motarsa na bayan ayarin ranar, taya ce ta tsayar da shi. Da ya iso ya tarar an ƙone motoci, mutanen wani ƙauye na kusa sun fito suna kwasar gawa. Ba takarda a jikin kowa. Ya ce ya san fuskar yaron a tasha, amma bai san sunansa ko gidansu ba. Shi kansa tun daga ranar bai ƙara iya riƙe sitiyari ba.

"Ya aka yi ka tabbata shi ne?" in ji Malam Bashir. "Hoto yana ruɗi."

"Ni na riƙe ƙafafunsa da za mu sa shi a kabari, Malam. Akwai tabon ƙuna a ƙwaurinsa na dama, dogo haka, irin na salansar moto."

Labule ya motsa. Nana Hadiza ce, Zulaiha na riƙe da ita.

"Ni na yi masa jinyar ƙunar nan," ta ce. Ta zauna a ƙasa a gaban Bukar. "Bawan Allah, an yi masa salla?"

"An yi, Hajiya. Duk mazan ƙauyen sun fito."

"An fuskantar da shi alƙibla?"

"Da hannuna."

Ta gyaɗa kai. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba tun ranar da ɗanta ya ɓace. Malam Bashir ya rufe fuskarsa da babbar rigarsa, kafaɗunsa na girgiza. Usaid ya tashi a hankali ya fita.

Aka yi zaman makoki. Unguwa ta cika gidan. Usaid bai shiga cikin manya ba, yana can baya yana shimfiɗa tabarmi, yana cika butoci. Da safe Zulaiha ta ɗauki makullin moto bisa sabo, Mama ta ce, "Bar shi, Zulai. Mai shi ya huta." Daga baya ta sa aka ba da moton ga wani magidanci na layinsu da ya rasa aiki, sadaka ga Isma'il.

Ranar addu'ar ƙarshe, bayan mutane sun watse, Malam Bashir ya tarar da Usaid yana naɗe tabarma.

"Kai fa? An samu labarin mahaifinka?"

"Ba a samu ba."

"Me ya sa ka bar naka ka nemi nawa?"

"Nawa na nema har ƙarfina ya ƙare. Na san yadda jiran yake. Da Mama ta riƙe hannuna ranar nan, na ga ba za ta iya ci gaba da shi ba."

Tsohon ya sunkuya. Ya kama ɗaya gefen tabarmar, suka naɗe ta tare.

"Na faɗa maka magana a asibiti," ya ce. "Ka yafe min, ɗana."

"Ba komai, Baba."

Wannan karon bai hana shi kiran ba.

Zulaiha da kanta ta samu Mudi ta gaya masa gaskiyar zuciyarta. Ya jima yana juya makullin motarsa a hannu. "Na gani tuntuni," ya ce. "Na dai ƙi yarda ne. Allah ya sa shi ya fi alheri, ƙanwata." Daga baya shi ya nema wa Usaid wanda ya daidaita masa takardun zama.

Da yammacin ranar ta rubuta saƙon da ta daɗe tana gogewa.

"Ɗan Mubi, na juya maka baya a ranar da ba ka da kowa. Ban san da wane baki zan ba ka haƙuri ba."

Amsar ba ta ɓata lokaci ba.

"Uwarki ce a kwance, Zulaina. Da ba ki yi fushi ba da na yi mamaki. Ni dai ki ce min har yanzu ina da wuri."

"Ba wanda ya taɓa zama a wurinka, mon cœur."

Bayan damina aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Ba a yi kiɗa ba, saboda rasuwar ba ta yi nisa ba. Bukar ne ya tsaya wa ango, sanye da farar riga da ya aro. Da Liman ya shafa fatiha, Malam Bashir ya riƙe hannun Usaid ya kasa sakewa.

Da yamma motoci suka tsallaka gada da amarya zuwa Sodiko, inda Usaid ya kama ɗaki da falo. Nana Hadiza ta ce sai ta je, duk da an ce uwa ba ta rakiya. Ba wanda ya iya hana ta.

A ƙofar gidan mata suka tsaya da amarya a lulluɓe. Wata gwaggon Zulaiha ta ɗaga murya kamar yadda aka saba.

"Ina dangin ango? Ku fito ku karɓi amanarku!"

Ba wadda ta fito. Matan suka fara kallon juna, gwaggon ta rufe baki da mayafi, ta tuna ango ba shi da kowa. Usaid na tsaye can gefe da abokansa na kasuwa, ya sunkuyar da kai. Zulaiha ta ji hawaye na bin kumatunta a cikin lulluɓi.

Sai Nana Hadiza ta saki hannun 'yarta. Ta ratsa matan a hankali, tana dafa bango, ta shiga ɗakin. Ta juyo ta tsaya a bakin ƙofa, ta gyara mayafinta.

"Ga ni," ta ce. "Ku kawo min matar ɗana."

Ba wadda ba ta yi kuka ba a wurin. Aka miƙa mata Zulaiha, ta karɓe ta da hannu biyu ta zaunar a bakin gado. Sannan ta aika a kira ango. Ya shigo ya durƙusa a gabanta, ya kasa ɗago kai.

Ta ɗora hannu ɗaya a kansa, ɗaya a kan 'yarta.

"Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, wanda muka san kabarinsa da wanda ba mu sani ba. Ku kuma Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka. Duk wanda ya fita a cikinku, Allah ya dawo da shi gida."

"Amin, Mama," in ji Usaid.

"Amin," matan suka amsa daga waje.